Jan tabon nan da kuke gani a taswira ba wuta ba ce

Shekaranjiya bayan sallar isha'i ƙanena ya turo mini wani hoto a WhatsApp. Taswirar Afirka ta Yamma ce, da wani dunƙulallen tabo ja mai baƙi a tsakiya, ya rufe tun daga tafkin Cadi har wajen Damaturu. A ƙasa an rubuta wai babban ruwa na tafe. Tambayarsa guda ce: "Yaya, abin nan gaskiya ne ko irin shirmen 'yan intanet ne?" Kafin in amsa masa na leƙo nan Facebook, na tarar har an kaure da musu a kan hoton. Wasu na cewa masu hasashen yanayi sun fara shiga hurumin da ba nasu ba. Wasu na cewa ai bara ma haka aka faɗa, kuma ko ɗigo ba a yi a garinsu ba. Wani bawan Allah kuwa rantsuwa ya yi cewa jan nan zafin Sahara ne aka ɗauko.

To ba zafi ba ne. Jan nan shi ne wuri mafi sanyi a duk hoton.

Ni ba masanin yanayi ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne, labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma shekarun nan aiki ya haɗa ni da ƙirgen gidajen da suka rushe bayan ambaliya. Wanda ya ƙirga ɗakuna ɗari da suka faɗi dole wata rana ya tambayi kansa ko akwai wanda ya ga abin yana zuwa. Abin da na tarar da na bi sawun tambayar shi zan ba ku. Rubutun na da tsawo, a yi haƙuri.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana karanta hadari kamar yadda malami ke karanta allo. In rana ta yi zafi mai naci, iska ta tsaya cak, gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, sai ya ce a shigo da awaki a kwashe shanya. Ba a jimawa sai iska mai sanyi ta taso da ƙura, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin awa ko awa guda, daga nan sai yayyafi mai tsawo da rugugin tsawa can nesa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan jerin. Amma iyakar abin da Baba ke gani shi ne goshin hadarin, kuma gargaɗinsa bai wuce na awa ɗaya ba. Bai san cewa abin da ya tunkaro gonarsa yana iya kai tsawon kilomita ɗari uku ko biyar daga arewa zuwa kudu ba, ko cewa tun jiya da la'asar ya taso daga wata ƙasa.

Waɗanda suka fara damuwa da girman abin su ne matuƙa jirgin sama. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, Turawan Ingila sun riƙa sauke jiragen yaƙi a kwance cikin akwatuna a Takoradi ta Gana, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), Khartum, har Alƙahira. Kun ga su gabas suke nufa, hadari kuma yamma yake nufowa, dole a yi karo. A 1945 wasu jami'an yanayi biyu, Hamilton da Archbold, suka buga dogon nazari kan yanayin Nijeriya da maƙwabtanta, inda suka bayyana waɗannan hadurra da ke tafiya a jere kamar sahun salla, daga gabas zuwa yamma. Sun yi ƙoƙari ƙwarai, amma da rahoton tashoshi 'yan ƙalilan suka yi aiki, masu nisan ɗaruruwan kilomita a tsakaninsu. Wannan tasha ta ce iska ta buge ta ƙarfe kaza, waccan ta ce ƙarfe kaza, sai a ja layi da fensir a ce ga inda ya bi. Babu wanda ya taɓa ganin sahun gaba ɗayansa.

Kafin mu kai ga wanda ya gan shi, sai mun koma baya, zuwa shekarar 1800. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito kala-kala kamar bakan gizo, ya riƙa sa ma'aunin zafi a kowace kala. Da ya sa shi gaba da ja kaɗan, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya hau fiye da ko'ina. Ashe akwai wani haske da ido ba ya kamawa. Shi ne ake kira infirared, wato na ƙasan ja. Daga baya aka gano cewa kowane abu yana fitar da irin wannan hasken gwargwadon zafinsa: jikinka, bangon ɗakinka, yashin Sahara, har gajimare. Mai zafi ya fitar da yawa, mai sanyi ya fitar da kaɗan. Kuma ba ruwansa da dare ko rana.

Yanzu ku haɗa wannan da wani abu da duk wanda ya je Jos ko Mambila ya sani: in ana hawa sama, sanyi ƙaruwa yake. A kowace kilomita ɗaya zafi na raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Ƙaramin gajimare mai yawo ƙasa-ƙasa bai fi ƙasa sanyi da yawa ba. Amma hadarin da ya cika hadari yana tashi tsaye kamar hasumiya har kilomita 15 ko 16, ya zarce inda jirgin fasinja ke bi, kuma can ƙololuwarsa sanyi na kai digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili. Firizar gida fa a wajen 18 take tsayawa. Saboda haka in kana sama kana auna wannan hasken, a rana guda za ka ga ƙasar Kano tana digiri 40, a gefenta kuma wani abu yana 75 ƙasa da sifili. Wannan abin ba komai ba ne illa kan hadari. Gwargwadon sanyinsa, gwargwadon tsawonsa, gwargwadon ƙarfin iskar da ta cilla shi can. Kalar ja da baƙi kuwa kwamfuta ce ke shafawa don ido ya yi saurin kamawa.

Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Sauran duk tarihin yadda aka samu hawa saman ne, da yadda aka yi ta gardamar inda za a ja layi.

Ranar 1 ga Afrilun 1960, wata shida cif kafin Nijeriya ta samu 'yancin kai, Amurka ta harba TIROS-1, tauraron yanayi na farko da ya yi nasarar ɗauko hoton gajimare daga sama. Kyamarar talabijin ce a jikinsa, dare na yi ya makance. Na biyunsa, a Nuwamban shekarar, shi ya tafi da na'urar auna hasken zafi. Sai dai waɗannan kewaya duniya suke yi, su gifta ta kanka su wuce, hadari kuwa cikin 'yan awanni yake haɗuwa ya girma. Abin da ake buƙata shi ne mai tsayawa wuri ɗaya ya zuba ido. Hakan na yiwuwa in aka kai tauraron nisan kimanin kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, inda zagayensa ke daidai da juyawar ƙasa, sai ka gan shi kamar an kafe shi.

Daidai lokacin ne fari ya far wa yankinmu. Iyayenmu ba sa mance 1973: shanu sun ƙare, mutane sun yi ta kwararowa kudu. A shekarar ne ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS don yaƙi da fari, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. A daminar 1974 ɗin aka yi wani gagarumin gwaji mai suna GATE, hedikwatarsa a Dakar: ƙasashe kimanin 70, jiragen ruwa kusan 40, jiragen sama fiye da goma, duk don a fahimci hadarin ƙasashe masu zafi. Amurka ta tsayar da sabon tauraronta SMS-1 a saman tekun Atlantika, yana aiko da hoton zafi dare da rana. A nan masana suka zauna suna kallon hadurran Afirka ta Yamma suna fitowa daga tudu suna faɗawa teku ɗaya bayan ɗaya. Ba don Allah kaɗai Amurkawa suka damu ba, a faɗi gaskiya: da yawa daga manyan guguwowin da ke rusa musu garuruwa a bakin teku daga nan wajenmu irinsu ke tasowa.

Namu tauraron, in za a kira shi namu, Turai ce ta harba shi: Meteosat-1, ranar 23 ga Nuwamban 1977. An tsayar da shi a saman mashigin tekun Gini, ya zamana Afirka ce a tsakiyar idonsa, Turai da ta biya kuɗin tana can gefe. Duk rabin awa hoto. Ya lalace a ƙarshen 1979, na biyu ya hau a 1981, kuma tun daga nan ido bai ɗauke daga kanmu ba. Ku riƙe wannan shekarar, za mu dawo gare ta.

Samun hoto daban, sanin abin da za a kira babban hadari daban. A Yulin 1977 ruwan dare ɗaya ya cinye garin Johnstown a Amurka, mutum fiye da 80 suka mutu. Irin waɗannan ruwan dare sun daɗe suna ba masu hasashe kunya, don sun fi tsawa guda ɗaya girma, kuma sun yi ƙanƙanta a gan su a taswirar yanayi ta lokacin. Wani ma'aikacin hukumar yanayi ta Amurka, Robert Maddox, ya zauna da tarin hotunan zafi, a 1980 ya fito da sharuɗɗa. Ya ce kafin a kira abu babban gungun hadari, sai faɗin gajimaren da sanyinsa ya kai digiri 32 ƙasa da sifili ya kai murabba'in kilomita 100,000. A cikinsa kuma sai an samu cibiya mai sanyin digiri 52 da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 50,000. Sai ya riƙe wannan girman na aƙalla awa shida. Sannan sai ya kasance dunƙulalle, gajeren ɓangarensa ya kai kashi 70 cikin 100 na dogon.

Ku tsaya ku auna girman nan. Murabba'in kilomita 100,000 ya ninka jihar Kano kusan sau biyar. Babu jiha ɗaya a Nijeriya da ta kai shi, har jihar Neja da ta fi kowace faɗi. Cibiyar kaɗai ta ɗara jihar Kaduna.

Abin da ya burge ni da aikin Maddox, a matsayina na mutumin ofis, shi ne ya mayar da abin da ake gani da ido ya zama abin da ake ƙirgawa. Lambobin nasa ba wahayi ba ne, zaɓa ya yi, kuma waɗanda suka biyo baya sun sassauya su. Amma da zarar an yarda da layi, mutum biyu a ƙasashe biyu za su kalli hoto ɗaya su ba da amsa ɗaya, kwamfuta ma za ta iya. Ta duba kowane ɗigon hoto, ta ware waɗanda suka fi layin sanyi, ta haɗa maƙwabta su zama tabo ɗaya, ta auna faɗinsa. A hoto na gaba ta nemi tabon da ya hau kan gurbin na baya, ta ce shi ne ya matsa. Da haka ake sanin inda aka haife shi, gudunsa, da inda ya mutu.

Da aka ɗora wannan ma'auni a kan hotunan Meteosat, sai yankinmu ya fito cikin manyan gidajen irin wannan hadari a duniya. Arlene Laing, 'yar ƙasar Jamaika, da malaminta Michael Fritsch sun nuna haka a 1993. Mahaifarsu galibi wajen tsaunuka ce: tudun Habasha, Jabal Marra a Darfur, duwatsun Kamaru, tsaunin Jos, duwatsun Azbin a Nijar. Da la'asar suke haɗuwa, su girma cikin dare, su yi yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Wanda ya bar Maiduguri da magariba, in bai mutu a hanya ba, yana iya yi wa Kano sallama da asuba. Shi ya sa ruwanmu mai ɓarna ya cika zuwa ana barci.

Faransawa da 'yan Nijar suka ƙara wani mataki. Tun 1990 suka baza ma'aunan ruwa a karkarar Yamai, suka riƙa gwada abin da ya sauka ƙasa da abin da tauraro ya gani. A 2002 Mathon, Laurent da Lebel suka buga sakamakon: manyan hadurra masu tsari da saurin tafiya, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin 100 na gungun hadarin da ake gani ba, su ke kawo kusan kashi 90 na ruwan damina a wurin. Na daɗe ina juya wannan lissafin. Ma'anarsa geron talaka a rataye yake a wuyan 'yan tsirarun hadurra. Kaɗan daga cikinsu su kauce hanya, an shiga fari. Biyu su sauka a jere a kan gari ɗaya, an shiga ambaliya. Mai ciyar da mu shi ne mai rusa mana ɗaki.

Akwai kuma masu amfani da sanyin don ƙiyasta yawan ruwa. Daga bayanan GATE, Phillip Arkin ya fito da ƙa'ida mai sauƙi: inda gajimare ya kai sanyin digiri 38 ƙasa da sifili, a lissafa masa milimita uku a awa. Masanan jami'ar Reading a Ingila, masu shirin TAMSAT, suka riƙa ƙirga awannin da gajimare mai sanyi ya yi a kan kowane wuri cikin kwana goma, su daidaita da ma'aunan ƙasa. Da irin wannan ake hango inda yunwa za ta ɓulla tun kafin kaka.

Yanzu mu koma 1981. Tunda ido bai ɗauke ba, an tara hotunan shekaru masu yawa da za a iya aunawa da ma'auni ɗaya. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature, bayan sun bi hotunan shekara 35 daga 1982. Suka ƙirga hadurran Sahel mafiya tsanani, masu sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, suka tarar yawansu ya ninka sau uku. Wani zai ce ai an fara ƙirgen ne a tsakiyar fari, dole a ga ƙari. Sun duba wannan, suka ce ƙaruwar ba ta bin yawan ruwan shekara sosai, ɗumamar duniya ta fi bi. Bayaninsu shi ne Sahara na ƙara zafi, bambancinta da kudu na ƙaruwa, sai iskar gabas ta sama da iskar damina ta ƙasa su ƙara saɓawa juna, kuma wannan saɓanin shi ke ɗaure hadari ya yi ƙarfi. Don haka in tsoho ya ce maka ruwan yanzu ba irin na da ba ne, ba rikicin tsufa ba ne. Mutanen Wagadugu sun gani ranar 1 ga Satumban 2009, da aka zuba musu fiye da milimita 260 cikin kimanin awa goma, kusan sulusin ruwan shekara. Damagaram ta rasa tsohon masallacinta na ƙasa a Satumban 2024. Mokwa ta yi asarar fiye da mutum 150 a ƙarshen Mayun 2025.

To masu cewa bara an faɗa ba a yi ba fa? Suna da gaskiyarsu. Tauraron ba ya ganin ruwa, rufin hadari yake gani. Rufin nan shimfiɗuwa yake kamar tabarma a kan ƙasa mai faɗi, amma inda ake sheƙa ruwan na gaske ɗan yanki ne a ƙarƙashinsa. Garinku na iya kasancewa cikin jan tabon ku tashi da iska da yayyafi kawai, garin da ke kilomita 30 kudu da ku yana iyo. Wani lokacin ma hadarin ya riga ya mutu, rufin ne ya rage yana yawo da sanyinsa. Hausawa sun riga Maddox sanin wannan, su da suka hana wanka da kashi don ganin hadari, a gafarce ni da kalmar. Kuma tauraron bai san kwatar unguwarku ta toshe da leda ba, bai san an yi gini a kan hanyar ruwa ba. Abin da ya sami Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024 ba aikin hadarin dare ɗaya ba ne: ruwa ne ya taru, madatsar Alau ta ɓalle. Batun shiga hurumin gaibu kuwa, ni a ganina wanda ya hau soro ya hango hadari ya ce a kwashe shanya bai yi duba ba. Wannan soron ne dai ya fi tsawo.

Na'urorin sai gaba suke yi. Zuriyar Meteosat ta biyu, da aka fara harbawa a 2002, tana ba da hoto duk minti 15. Ta uku, da aka harba ranar 13 ga Disamban 2022, duk minti goma, har da kyamarar ƙirga walƙiya. Hoton da ƙanena ya turo mini, wanda Hamilton da Archbold ba su taɓa mafarkinsa ba, yanzu a wayar ɗan acaɓa yake.

Ga inda abin ke ci mini rai. Wata damina, takardar gargaɗin ruwa mai ƙarfi ta iso ma'aikatarmu ranar Juma'a, ana shirin tafiya masallaci. Ta kwana a ofishin karɓar wasiƙu. Litinin aka sa ta a fayil aka kai ofishin oga, oga ya yi tafiya. Laraba ta iso teburina da jan biro a gefe, wai a ɗauki matakin gaggawa. Ruwan tun daren Lahadi aka yi shi. Litinin da Talata ina cikin wata unguwa da takalmin roba ina rubuta sunayen waɗanda ɗakunansu suka faɗi. Akwai wata dattijuwa da bango ya danne jikanta, ta riƙe mini hannun riga tana cewa, "Ɗan nan, da an faɗa mana ai da mun kwana a makaranta." Ranar Laraba na karanta takardar, na sa hannu, na rubuta kwanan wata, na mayar da ita fayil. Ihu bayan hari. Ba zan ɗora wa kowa ba, don ni ma ina cikin layin, kuma a bayan ofishin namu akwai ma'aunin ruwan sama da tsatsa ta cinye, na fi shekara biyar ina wuce shi kullum ban taɓa tambayar wa ke karanta shi ba. Hadari mai gudun kilomita 50 a awa, muna bin sa da fayil mai tafiyar tebur ɗaya a kwana.

Shekaranjiyar dai na amsa wa ƙanena. Na ce hoton gaskiya ne. Daga Damaturu zuwa ƙauyenmu a Jigawa kimanin kilomita 250 ne, in ya riƙe ƙarfinsa a sa ran sa wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyun dare. Na ce ya ɗauke Inna daga tsohon ɗakin ƙasa na baya ya kai ta na siminti, ya faɗa wa mai unguwa da liman, ya sake duba hoton ƙarfe goma. Ya yi duka. Ƙarfe biyu saura iska ta zo, ta yaye kwano biyu a rumfar awaki, aka yi ruwa madaidaici. Cibiyar ta bi ta kudu da mu.

Da safe Inna ta karɓi wayar ta ce in daina tayar mata da hankali da hadarin cikin waya, kuma a mayar mata da gadonta ɗakinta. Na ce a bari sai an yi wa bangon yaɓe. Yanzu da nake wannan rubutu na sake dubawa, akwai wani tabon yana haɗuwa a gabas da Njamena.